Kasafin Kuɗin Sakkwato: Wa Ya Tambayi Mutanen Ƙauye?

Shekarata goma sha ɗaya ke nan a Anacha, kuma albasa ce ta kawo ni. Muna ɗauko ta daga gabashin Sakkwato, wajen Goronyo da Gada da Wurno, mota ta kwana biyu ko uku a hanya, mu sauke ta nan kusa da gadar kogin Kwara. Duk ƙarshen shekara idan na ji a rediyo gwamna ya kai kasafin kuɗi gaban majalisar dokoki, sai in tuna da wata tambaya da wani maƙwabcina Ibo ya taɓa yi mini a kasuwa, wadda har yau ban samu amsar da zan ba shi ba.

Mutumin nan buhuna da igiya yake sayarwa, rumfarsa na jikin tamu. Ba ya rufe shago ranar Asabar ko da ciwo yake yi. Wata Asabar na zo na tarar da kwado a ƙofarsa. Ranar Litinin ya dawo muryarsa a dishe, na ce lafiya? Ya ce gida ya je, taron gari aka yi. A lokacin Willie Obiano ne gwamnan Anambra, kuma gwamnatinsa ta fito da wani tsari na ware wa kowane gari naira miliyan 20, garuruwa sama da 170, mutanen gari su zauna su zaɓi aikin da za a yi musu da kuɗin. To shi ne suka yini suna musu. 'Yan kasuwa suna son rumfuna, matasa suna son a gyara hanyar da ta shiga gari, mata kuma suka tsaya kai da fata a kan ɗakin haihuwa. Matan nan suna da nasu taron da suke yi duk watan Agusta, har waɗanda ke aure a Legas da Fatakwal suna dawowa dominsa, don haka sun shigo da maganarsu a haɗe. Su suka yi nasara.

Bayan wasu watanni ya riƙa nuna mini hotuna a waya: ga tushen gini, ga bulo an jera, ga wani tsoho riƙe da littafi yana ƙirga buhunan siminti da aka sauke. Ya san nawa aka sayi rodi, ya san wanda ya so ya ƙara farashin yashi aka tare shi a gaban jama'a. Sai ya dube ni ya ce, "Alhaji, ku a garinku me kuka zaɓa?"

Na yi shiru, domin mu ba a taɓa cewa mu zaɓa ba.

Da na je gida babbar Sallah, na ga sabon gini a bakin gari, jerin rumfunan kasuwa da rufin kwano mai ƙyalli. Garinmu ba ya cin kasuwa. Tun kakanninmu kasuwar garin da ke gaba da mu muke ci, kuma ba wanda zai bar ta. Awaki ne ke kwana a rumfunan, yara na wasa a kan dakalin. Tafiyar minti goma daga nan kuwa akwai kwalbatin da ruwa ya cinye a hanyar fadama, damina uku ke nan. Mota ba ta iya shiga ta ɗauko kaya. Sai an ɗora albasa a kan jakai da raƙuma da babura a fito da ita bakin titi, kowane buhu da kuɗin dakonsa, wani kuma ya faɗi ya fashe a hanya. Manomin da ya sha wahalar ban ruwa wata huɗu, ya kwana yana gadin injinsa, shi ake cire wa wannan kuɗin a farashi. Ni mai saye ne, na san yadda ake wannan lissafin, kuma ba ya yi mini daɗi.

Na samu kawuna a zaure bayan la'asar, na ce, "Kawu, wane ne ya ce a gina rumfunan can?" Ya ce, "Ɗana, wa yat tambaye mu? Mun dai wayi gari mun ga mota ta zubar da yashi." Na tambayi mai unguwa, shi ma bai iya gaya mini ko aikin jiha ne, ko na ƙaramar hukuma, ko na ɗan majalisa ba. Ba allo, ba takarda. Da an tara mutanen garin nan na awa ɗaya a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, babu mutum biyu da za su saɓa: kwalbati za su ce, sannan ruwan sha. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba rashin kuɗi nake kuka da shi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai. Kasafin Sakkwato na 2024 ya kai wajen naira biliyan 270, na 2025 ya haura biliyan 500. Na san darajar naira ta faɗi, buhun siminti ya ninka, amma duk da haka kuɗi ne masu yawa. A ɗaya gefen kuma, rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 kan talauci mai fuskoki da yawa ya nuna kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya na cikinsa, kuma Sakkwato ce ta fi kowace jiha, da kusan kashi 91. Abin da aka auna a rahoton nan ba kuɗin aljihu ba ne kawai. An duba ko akwai ruwa mai tsabta, ko yaro na zuwa makaranta, tsawon lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya isa asibiti, da abin da ake girki da shi. Duk waɗannan abubuwa ne na ƙauye da unguwa. Babu ɗaya daga cikinsu da za a warware daga ofis a birni ba tare da an san wace rijiya ce ta ƙafe ba, wane aji ne iska ta yaye wa rufi.

Wanda ya taɓa buɗe kundin kasafin kuɗin jiha, kowace jiha ce, ya san yadda ake rubuta irin waɗannan ayyuka. Babban titi a cikin birni za ka gan shi da sunansa, daga ina zuwa ina, da kuɗinsa. Idan aka zo kan karkara sai a dunƙule: gina rijiyoyin burtsatse a faɗin jiha, gyaran asibitocin sha-ka-tafi a ƙananan hukumomi, kaza miliyan. Wace rijiya? A wane gari? Wanda ke da ɗan uwa a ma'aikata ko ƙafa a gidan gwamnati shi zai cike wannan gurbin daga baya. Garin da ba shi da kowa sai ya jira. Kuma tun da ba a rubuta sunansa ba, ba shi da bakin cewa an hana shi haƙƙinsa.

Ana yin taron jin ra'ayin jama'a kafin kasafi, ban musa ba. Tun da Bankin Duniya ya fito da shirinsa na tallafa wa jihohin da suka bayyana kuɗaɗensu a fili a 2018, jihohi suka fara kiran irin wannan taro da wallafa taƙaitaccen kasafi a intanet. Ci gaba ne. Amma taron da ake yi a babban zaure, da 'yan ƙungiyoyi da ma'aikata da masu riƙe da sarauta, ana jawabi da Turanci, ba shi ne zai kai ga kawuna ba. Mutumin Sabon Birni ko Gudu ba zai biya kuɗin mota ya zo a ba shi minti biyu ya yi magana ba, wani lokaci ma hanyar ba ta biyuwa.

Abin da nake so a yi ba sabon abu ba ne, na gan shi da idona a nan Anambra. Sakkwato na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓun kansila 244. A ware wa kowace mazaɓa kuɗi tsayayye a cikin kasafi, a rubuta sunanta da adadinta a kundin da majalisa za ta amince da shi. A ce naira miliyan 50 kowace. Duka-duka biliyan 12 da miliyan 200 ke nan, bai kai kashi 3 cikin 100 na kasafin da ya haura biliyan 500 ba. Kafin a rufe kasafi, mutanen mazaɓa su zauna da hakimi da dagatai da limamai da shugaban makaranta da ma'aikacin asibiti su tsayar da aiki ɗaya ko biyu. A karanta sakamakon da Hausa a gidan rediyon Rima, gari-gari, a kuma kafa allo a wurin aikin da boko da ajami: ga kuɗin, ga ɗan kwangila, ga ranar gamawa. Idan lokaci ya wuce ba a gama ba, kowa ya san ƙofar da zai buga.

Wani zai ce mutanenmu ba su waye da irin wannan ba. Wannan magana tana ɓata mini rai. Mutanen da suka gina masallacin Juma'a da karo-karo, suka riƙe makarantun allo da Islamiyya shekara da shekaru ba tare da sisin gwamnati ba, suke fitowa aikin gayya su yashe magudanar ruwa kafin damina, su ne za a ce ba su iya zaɓar abin da ke damunsu ba? Manoman fadama suna da shugabanninsu, sun san yadda ake raba ruwa ba tare da faɗa ba. Akwai kwamitocin lafiya na mazaɓu, akwai kwamitocin kula da makarantu. An kafa su, ana kiran su idan za a yi rigakafi, amma ba a ba su ikon ko kwabo ba.

Ban ce Anambra aljanna ba ce. Na ga garuruwan da suka zuba kuɗinsu a katafaren zauren taro alhali ba su da ruwa, saboda manyan gari sun fi ƙarfin talakawa a wurin taron. Na ji inda rikicin shugabancin ƙungiyar gari ya tsayar da aiki. Mu baƙi da muka shekara goma muna biyan haraji a kasuwa ba a gayyatar mu irin wannan zama. Kuma jiharsu ƙarama ce, faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar na Sakkwato ba, garuruwansu a cunkushe, ga 'ya'yansu attajirai da ke ƙara nasu a kan na gwamnati. Mu ƙauyukanmu a warwatse suke, wata mazaɓar ta ƙunshi garuruwa da rugage masu yawa, don haka dole a yi ƙa'idar karɓa-karɓa kada garin da kansila ya fito ya riƙa cinyewa duk shekara. Sai dai ko a inda suka yi kuskuren zaɓi, sun san kuskurensu ne, sun san wanda ya jawo shi, kuma a zagaye na gaba sun fi buɗe ido.

Maganar mata ita ce ta fi tsaya mini a rai. A garinmu yarinya ce ke tashi da asuba ta bi layin rijiya, ta rasa darasin farko. Mace ce ake ɗorawa a babur cikin naƙuda a bi hanyar da ruwa ya cinye. Idan aka tara maza kaɗai a ƙofar masallaci, rabin matsalar ne za a ji. Ba sai an haɗa su da maza a fili ɗaya ba. A Sakkwato muke, inda Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa tsarin 'yan taru, jajis, wato malamai matan da ke jagorantarsu, suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu. Har gobe akwai malamai mata da ungozomomi da shugabannin adashi da mata ke jin maganarsu. Su yi nasu zaman, a kawo abin da suka tsayar a rubuce, a ba shi nauyi daidai da na maza.

Akwai kuma tsaro, wanda ba zan tsallake ba domin daga gabas na fito. Ban manta da harin kasuwar Goronyo na watan Oktoban 2021 ba, akwai waɗanda na sani a cikin mutanen da suke kasuwar ranar. A Isa da Sabon Birni da Rabah akwai garuruwan da suka watse, a Tangaza da Gudu ana fama da Lakurawa. Idan ka tambayi waɗannan mutane abin da suke so, za su ce a bar su su kwana a gida su noma gonarsu. Wannan aikin tarayya ne da jiha, ba na miliyan 50 ba. Amma garuruwan da suka karɓi 'yan gudun hijira rijiyarsu ɗaya ce ta koma ɗaukar mutum ninki biyu, ajinsu ɗaya ne ya cika ya batse. Su ne suka san adadin bakin da suka ƙaru, tun kafin wani jami'i ya zo ƙirga.

Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya sa mutane da yawa murna, ni ma na yi. Sai dai ko an aiwatar da shi yadda ya kamata, idan shugaban ƙaramar hukuma zai zauna a sakatariya ya yanke wa ƙauyuka abin da ya ga dama, an dai matso da ofishin kusa ne kawai. Rumfunan da awaki ke kwana a ciki za a ci gaba da ginawa.

Mu 'yan garinmu da ke Anacha da Aba mun yi karo-karo bana, mun sayi siminti da rodi, matasa suka yi gayya aka ɗan toshe kwalbatin don mota ta iya wucewa lokacin kwasar albasa. Magini ya gaya mana gaskiya cewa ba zai jure ruwan Agusta ba, sai an yi na ƙwarai da injiniya. Mun rubuta takarda, mai unguwa da liman da mutum arba'in da uku suka sa hannu, wasu da alƙalami wasu da yatsa, ƙanena ya kai ta ofishin ɗan majalisarmu a Sakkwato. Abu biyu muka roƙa a ciki: a sa kwalbatin a kasafin baɗi da sunan garinmu, kuma a turo wanda zai zauna da mutane kafin a sake zubar da yashi a bakin gari.