Wa ke riƙe da fayil ɗin ɗan jiran shari'a?

Duk sa'ad da babban jojin jiha ya ziyarci gidan yari ya sallami wasu tsararru, sai hotuna su cika Facebook ana ta sambarka. Ni kuwa abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne: mutumin da aka saki don ya shekara biyar ba a fara shari'arsa ba, wa ke riƙe da fayil ɗinsa duk tsawon lokacin nan?

Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, kuma hanyar da da yawansu suka bi sananniya ce. 'Yan sanda su kai mutum gaban majistare bisa zargin fashi da makami ko kisan kai, alhali kotun ba ta da hurumin sauraron ƙarar. Sai a aika shi gidan yari irin na Kurmawa ko Goron Dutse da ke Kano, a ce a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Daga nan sai shiru kamar an aiki bawa garinsu. A canza wa ɗan sandan da ya yi binciken wurin aiki, fayil ya maƙale tsakanin ofis da ofis, dangi su sayar da akuya da gona har su gaji.

Ba doka aka rasa ba. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, kuma sabunta shi yana da iyaka. Dokar hukumar gyaran hali ta 2019 ta wajabta wa shugaban hukumar na jiha ya sanar da babban joji idan gidan yari ya cika ya batse. Amma takarda ba ta tashi da ƙafarta ta je kotu. Sai an sami wanda zai ƙirga kwanakin, ya shigar da buƙata ranar da wa'adi ya cika.

A nan nake ganin mun yi sakaci. Galibi ƙananan lauyoyi da 'yan bautar ƙasa ake jibga wa wannan aiki. Suna da zafin nama, Allah ya saka musu, sai dai ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya yake yi ya ƙara gaba, ya tafi da duk abin da ya sani game da ƙarar a cikin kansa. Wanda ya gaje shi ya fara daga bismillah. Babban lauya mai sa ido shi ne zaren da ke riƙe da carbin. Shi zai zauna da yaran duk mako ya bi fayil ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan beli za a nema a babbar kotu, wannan ƙarar tauye haƙƙi za a shigar, wannan kuwa ya riga ya zauna fiye da hukuncin da za a yanke masa ko da an same shi da laifi. Kuma shi ne idan ya ɗaga waya zuwa ma'aikatar shari'a za a ɗauka. Mu faɗi gaskiya, a ƙasar nan furfura tana buɗe ƙofar da takardar shaida ba ta buɗewa.

A Ingila, ofishin lauyoyi ba ya samun kwangilar gwamnati ta kare fursunoni sai yana da gogaggen lauya da aka ayyana a matsayin mai sa ido kan ɓangaren. Mu ma muna da Hukumar Ba da Agajin Shari'a tun 1976, amma lauyoyinta ba su kai ko kusa da yawan masu buƙata ba.

Za a ce ina kuɗin ɗaukar manyan lauyoyi? Tambaya ce mai ma'ana, don babu wanda zai bar shari'ar zaɓe ya zo ya yini a ƙofar gandurobobi. To amma gwamnati tana ciyar da kowane tsararre kullum, har da wanda tun bara ya kamata yana gida. Tun da gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar gudanar da nasu gidajen gyaran hali, duk gwamnan da ke shirin gina sabo ya fara ware albashin manyan lauyoyi uku ko huɗu, a ba kowannensu gidan yari guda da jerin sunayen mutanen ciki, a kuma riƙa tambayarsa duk wata uku nawa suka rage.