Mu daina kiran tsoronmu hikima

Salama gare ku 'yan'uwana cikin sunan Yesu Almasihu.

Jiya bayan sujada na zauna a taron kwamitin bishara, har yanzu kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Wata yarinya daga zumuntar matasa ta miƙe, takardar hannunta tana karkarwa don ba ta saba magana a gaban dattawa ba. Ta ce ita da 'yan'uwanta suna neman izini su riƙa zuwa wurin samarin nan masu shaye-shaye da ke kwana a bayan tasha, su zauna da su, su ji damuwarsu, su gaya musu labarin Yesu. Ko kuɗin mota ba su roƙa ba. Dattijo ɗaya kawai suke so ya riƙa raka su.

Ɗakin ya yi tsit. Wani ya ce wurin ba na 'ya'yan mutunci ba ne. Wani ya ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Can sai aka ce, "Bari mu yi addu'a a kai tukuna." Kowa ya ce amin. Ta ninke takardarta, ta cusa a cikin Littafi Mai Tsarki, ta zauna.

Iyayena dattawa, ku gafarce ni, ba raini ne ya sa nake magana ba. Amma dukanmu mun san ba a sa ranar yin addu'ar ba, ba a kuma sa ranar dawowa kan maganar ba. Wannan kalma mai tsarki ta zama wurin da muke binne duk aikin da ya ba mu tsoro. Kai, abin nan yana ci mini rai!

Ku duba irin addu'ar da ikilisiya ta fari ta yi. A Ayyukan Manzanni sura 4, an tsare Bitrus da Yohanna, an ja musu kunne kada su ƙara ambatar sunan Yesu. Da suka komo, jama'a suka ɗaga murya ga Allah, abin da suka roƙa a aya ta 29 shi ne a ba su ƙarfin hali su ci gaba da faɗar maganar. Wurin ya girgiza, suka fita suka yi ta shela. Addu'arsu fitar da su waje ta yi. Tamu me ya sa kullum sai ta mayar da mu kan kujera?

Ina yawan tunanin Hananiya na Dimashƙu. Ubangiji ya ce masa ya je gidan Yahuza ya nemi Shawulu mutumin Tarsus, wanda daga baya aka fi sani da Bulus. Hananiya ba matsoracin banza ba ne, dalilansa masu ƙarfi ne. Ya ji irin ɓarnar da mutumin ya yi wa masu bi a Urushalima, ya san ya shigo garin da takardun kama irinsu. Ya faɗa wa Ubangiji duk wannan, Ubangiji kuwa bai ce ƙarya yake yi ba. Ya dai ce masa ya tafi. Ka kwatanta wannan tafiya a ranka, ɗan'uwana: mutum yana takawa zuwa ƙofar wanda ya zo ɗaure shi, ba shi da wani tabbaci sai maganar da ya ji. Ya shiga, ya ɗora hannu a kan makahon da ya yi kwana uku bai ci bai sha ba, ya kira shi ɗan'uwa. Wasiƙun Bulus da muke karantawa kowace Lahadi, ta wannan ƙofa suka biyo. Wa ya sani ko cikin yaran da muke kauce wa a hanya akwai wanda Allah ya riga ya zaɓa, yana zaune cikin duhu yana jiran wani ya ce masa ɗan'uwa?

Tsoron duka ko kisa ma ba shi ne ya fi damun yawancinmu ba. Bakin mutane muke tsoro. Me za a ce in an gan ni a ƙofar matar nan? Me za a ce in wanda ya fito daga kurkuku ya zauna kusa da iyalina a coci? Bitrus ma da ya shiga gidan Karniliyus a Kaisariya, 'yan'uwansa ne suka tare shi da zargi a Urushalima, wai ya ci abinci da marasa kaciya. Ya sha maganar, aikin ya ci gaba.

Sai batun abin hannunmu. Ikilisiyar Antakiya, da Ruhu Mai Tsarki ya yi magana, Barnaba da Shawulu ta saki, mutanen da ta fi bukata a gida. Mu kuwa sai an gama fenti, an sayi sababbin kujeru da lasifika, in an sami ragowa a ba bishara. In ba a samu ba, sai baɗi.

Waɗanda suka riga mu ba su jira komai ya daidaita ba. William Carey, mai bishara daga Ingila, ya isa Indiya a 1793, sai a ƙarshen 1800 ya ga an yi wa mutum na fari baftisma. Shekara bakwai! A 1893 kuma masu bishara Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas. A 1894 ciwo ya kashe Gowans da Kent. Bingham ya koma, ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake kora shi, sai a 1902 aikin ya kafu a Patigi. Da a lokacin aka auna su da ma'aunin kwamitocinmu, da an ce asara ce. Yau dubban ikilisiyoyi suna sujada a kan wannan tushe.

Kada wani matashi ya karanta wannan ya ce na ba shi izinin ganganci. A'a. Yesu bibbiyu ya aiki almajiransa, ya ce su yi wayo kamar macizai. Bulus kansa a cikin kwando aka zurara shi ta bangon Dimashƙu da dare. A tafi tare, a san lokacin da ya dace, a sanar da shugabanni, a girmama mutanen da aka je wurinsu, kada a zagi addinin kowa. Hikima ta gaskiya tana tambaya yaya za mu je. Wadda ke ƙarewa kullum da kada mu je, ku bincike ta da kyau. Bawan da ya binne talantinsa a Matiyu 25 da bakinsa ya faɗi dalili: tsoro ya ji. Bai saci ko kwabo ba, ya mayar da abin cif yadda aka ba shi, duk da haka maigidan ya kira shi mugun bawa.

Baba Fasto, Allah ya ƙara maka ƙarfi, in yaranka suka zo da wuta a zuciya kada ka bari ta mutu a cikin fayil. Iyayenmu mata na zumunta, ku da kuke shiga inda maza ba sa iya shiga, akwai marasa lafiya a asibiti da ba mai leƙa su, akwai gwauraye da suka daina zuwa sujada ba wanda ya tambaya. Matasa, in an ce ku dakata, kada ku yi fushi ku watse, ku dawo da ladabi ku sake roƙo, ku sake.

Kai kuma mai karanta wannan, akwai mutumin da Ruhu ya daɗe yana sa maka a rai, kana cewa sai ka sami zarafi. Ka san sunansa. Don Allah ka nemi ɗan'uwa ɗaya, ku durƙusa ku yi addu'a, sa'an nan ku tashi ku je wurinsa kafin Lahadi mai zuwa. Ina roƙonka, ka je.