Da me za a auna tsimin?

Na karanta labarin tantance shirin tsimin wuta a sansanonin soja. Tambayata ita ce, da me za a auna? In ɗakunan kwana da asibiti da rumbun makamai duk suna kan mita ɗaya, wa zai gane ginin da ke shanye wutar? A fara sa wa kowane gini mitarsa tukuna, sannan a gwada bana da bara.

Sansanin Nellis na Amurka ya kafa farantan sola na megawat 14 tun 2007, madalla. To amma ran da wutar gari ta ɗauke, aiki zai ci gaba? Wannan nake so masu binciken su duba, ba yawan ƙwan fitilar da aka canza ba.