Bindigar da ba a gwada ba, ta yaya za ta zama hujja?

Duk lokacin da lauya ya tashi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Legas ya ce ba a tabbatar bindigar da aka kama wanda yake karewa da ita tana tashi ba, sai ka ji ana cewa wayon lauyoyi ne, bindiga ai bindiga ce. Wannan magana tana ɓata min rai, domin masu yin ta ba su taɓa buɗe bindiga ƙirar gida sun duba cikinta ba.

Dokar Bindigogi ta 1959 ta ce bindiga makami ne mai bututu, mai kisa, wanda harsashi zai iya fita daga cikinsa. "Zai iya fita" magana ce ta ƙarfe, ƙwararre ne ke amsa ta. Ƙaramar bindigar maƙera da ake yawan kamawa tana cin harsashi ɗaya ne na bindigar farauta. A karya ta, a zura harsashi, a rufe, a ja guduma baya. In aka taɓa kunama, haƙorin da ke riƙe guduma ya sake ta, sifirin ya tura ta, ta bugi tsinken ƙarfe, tsinken ya soki ɗigon da ke gindin harsashi, albarushi ya kama. In tsinken ya gajarce ko sifirin ya mutu, ƙas kawai za ka ji. In kuma haƙorin da ke riƙe guduma ya cinye, faɗuwa ƙasa kaɗai ta isa ta tashi ba wanda ya taɓa kunama. Wannan ne bambancin kisan ganganci da tsautsayi, kuma ido ba ya gane shi daga kan teburin kotu.

Gwajin ba wani abu ne mai wuya ba. A kai ta ɗakin binciken 'yan sanda da ke Alagbon, a auna nauyin jan kunama, a harba gwaji, a ɗora kwanson da ya fito kusa da wanda aka tsinta a wurin da abin ya faru ƙarƙashin madubin ƙara girma. Bututun ƙirar gida sumul yake, ƙwayoyin dalma ba sa ɗaukar zane, amma tabon tsinke yana zama a kwanso. Sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe wa irin wannan ƙwararre ƙofa. Abin da ake yi kuwa, a jefa bindiga ɗakin ajiyar kayan shaida, raɓar teku ta ci ta shekaru, ranar shari'a a fito da dunƙulen tsatsa, ɗan sandan da ya yi bincike ya ce ita ce.

Masu cewa dokar fashi da makami ta lissafa har bindigar da aka wargaza gunduwa-gunduwa sun faɗi gaskiya, sai dai ko gunduwar ma sai an nuna ta bindiga ce, ba guntun bututun famfo ba.

Mu kuma abin ya fi shafa. 'Yan uwanmu masu gadi a Agege da Mile 12 da Idi-Araba, nawa ne mai gida ya miƙa wa tsohon ƙarfe don tsorata ɓarayi? Sashe na 3 na dokar fashi ya tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko biyan tara, kan riƙe bindiga babu lasisi. In aka liƙa fashi, hukuncin kisa ne. Mutum ya tafi gidan yarin Kirikiri a kan abin da ba wanda ya gwada!

Ya kamata babban alƙalin jiha ya fitar da umarni: duk shari'ar da aka yi jayayya kan bindigar, a kawo rahoton gwaji, mai gwajin ya zo a yi masa tambayoyi. Kuma a gwada ta a makon da aka kama ta, tun tsatsa ba ta shiga ba.