Tsakiyar garin da nake zaune, da tsakiyar Jos

Ƙaramin garin da nake zaune a jihar Ohayo ta Amurka, tsakiyarsa titi guda ne. Akwai shagon fenti da kayan gini, mai aski, wata dattijuwa mai gasa burodi, banki, coci biyu, sai ɗakin karatu na jama'a. Ciniki ya daɗe da yin ƙaura daga titin. Manyan kantuna irin su Walmart sun kafu a bayan gari sun janye masu saye, daga baya Amazon ta zo tana kai wa mutum kaya har ƙofar gida.

Duk da haka titin bai mutu ba, kuma mutanensa ne suka riƙe shi. Masu shagunan suna da ƙungiya guda, suna zama a ɗakin karatun nan su tattauna wa za a nemo ya kama shagon da aka rufe, yaushe za a gyara fitilu. A bayan ɗaya cocin akwai ɗakin da ake tara shinkafa da abincin gwangwani, mabukaci ya shiga ya ɗiba, ba mai tambayarsa inda yake ibada. 'Yan kwana-kwana ma 'yan sa-kai ne. Mai shagon fentin yana cikinsu. Ina tsaye yana haɗa mini launi aka kira su, ya miƙa wa yaronsa gwangwanin ya fice a guje. Tun 2010 kuma ake ware Asabar ɗin da ke bin bikin godiyarsu na Nuwamba domin sayayya a ƙananan shaguna, kuma mutane suna fitowa da gangan, ko da kayan sun fi tsada.

Abin da suke nema ruwa a jallo, mu a Jos muna da shi har ya yi yawa. A je Farin Gada da sassafe a ga kwandunan tumatir da kabeji da karas, da buhunan dankalin Turawa na Bokkos da Mangu ana loda wa motocin kudu. A leƙa Katako, a bi ta Dilimi, a fito titin Ahmadu Bello. Ƙungiyoyi kuwa ba a magana: kowace sana'a da shugabanta, ga 'yan adashi, ga 'yan agaji, ita kanta Izala a Jos aka kafa ta a 1978. Ga amana irin wadda ban taɓa gani a nan ba, inda mai shago zai ce maka, "Ɗauka kawai Alhaji, in ta samu ka kawo."

Tsakiyar ce muka rasa, kuma wannan ne ke ci mini rai. Bayan rikicin Satumbar 2001, babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002. Can ne Bahaushe da Birom da Ibo da Bayarabe suke rumfa jikin rumfa, wannan ya tsare wa wancan kaya in ya tafi salla ko coci. Rikicin 2008 da na 2010 suka ƙara raba unguwanni, ciniki ya bi sahu, kowa ya koma saye a wajen nasa. Bom ɗin da ya tashi a Taminus a Mayun 2014 ya daɗa tsorata mutane da wurin. Da gwamnatin Lalong, gwamnan Filato na lokacin, ta ɗauko maganar sake gina kasuwar tare da bankin Jaiz a 2022, kafin a ce kwabo zancen ya koma na addini, ya tsaya cik.

Na san garin nan bai ga jinin da Jos ta gani ba, don haka zama tebur guda ya zo musu da sauƙi. Amma jiran gwamnati ya cinye mana fiye da shekara ashirin. Shugabannin 'yan kasuwar Taminus, Katako, Farin Gada da Bukuru, Musulminsu da Kiristansu, su ne ya kamata su kira zaman da kansu, su fara da abin da ba mai musu a kai: kwatar da ke toshewa da damina, kwashe shara, fitilu, albashin masu gadi. In aka saba haɗa kuɗin waɗannan, a sannan sai a ɗauko maganar wa zai samu wane shago idan an gina kasuwar, a rubuta a takarda tun kafin a aza bulo.