Ba kowane ɗan itacen tukunya ne cediya ba

A wuraren masu sayar da furanni a bakin titunan Abuja, za ka ga ɗan itace a tukunya, gindinsa kumbure kamar rogo, mai shi ya ce maka sunansa bonsai, wani kuma ya rantse cediya ce. Bonsai dai ba sunan bishiya ba ne. Dabarar raino ce da Japanawa suka shahara da ita: a datse rassa da saiwa, a tsare itacen a ƙaramar tukunya.

Don gane ko wane itace ne, ka tsinki ganye ɗaya. Idan farin ruwa kamar madara ya fito, akwai alamar dangin ɓaure ne, su cediya da durumi da gamji. Sai dai dangin nan sun haura iri 800, kuma girman ganye ba hujja ba ne, domin datsa tana ƙanƙantar da shi.

Mai kumburarren gindin nan galibi Ficus microcarpa ne, wani dangin ɓaure ɗan Asiya: ganyensa da kauri, da sheƙi, bakinsa a dakushe. Idan bakin ganyen ya yi tsini, rassan suna sunkuyowa, Ficus benjamina ne. Ɓaurenmu kuwa ganyensa da kaushi, da hannu ma za ka gane shi.