Ba Bankin Arewa kaɗai dokar Soludo ta shafa ba

Har yanzu a Kantin Kwari ina jin ana cewa Charles Soludo, gwamnan Anambra na yanzu, da gangan ya rufe Bankin Arewa lokacin yana gwamnan Babban Banki daga 2004 zuwa 2009. Maganar na damuna, amma na san mafarinta. Bankin yana da hedikwata a nan Kano, mutane na kallonsa kamar gadon gida, sai ga sunan ya ɓace.

Abin da ya faru shi ne, a Yulin 2004 Soludo ya umarci kowane banki ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Dokar ba ta ware kudu ko arewa ba. Bankuna 89 suka koma 25. Bankin Arewa bai iya tara kuɗin shi kaɗai ba, sai ya haɗe da wasu takwas suka zama Unity Bank a 2006.

Kamar 'yan kasuwa tara ne da jarinsu ya yi ƙaranci, suka haɗa kayansu a shago ɗaya da sabon allo. Mai ajiya a tsohon bankin, asusunsa Unity ya koma.